Tsinken gutta: da me kuke kashe masa ƙwayoyin cuta?

Ɗan Goulbi: Assalamu alaikum. Ina koyon aiki wurin wani likitan haƙori nan Maradi. Jiya na jefa tsinkayen gutta, waɗanda ake cike ramin jijiyar haƙori da su, cikin tukunyar turara ƙarafa. Na buɗe, duk sun lanƙwashe kamar taliya. Kunya ta kama ni. Yaya ake yi?

Hajiya Likita: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gutta ƙaron itace ce, ba ta jure zafi. Tukunya ta ƙarafa ce, zafinta digiri 134. Ita gutta ruwan jabel mai ƙarfin 5,25 cikin 100 ake tsoma ta, minti 1 ya isa. Sai ka ɗauraye da alkol, don jabel na barin gishiri a jikinta, ka shanya kan gozi mai tsabta. Da hantsaki za ka ɗauka, ban da yatsa.

Na Tibiri: Hajiya, a gaya masa zancen ajiya. Da zafin Afrilu na nan, jabel saurin lalacewa yake. Ni kwalba mai duhu nake zuba shi, nesa da taga. In ya ƙare, kuloheksidin, wani ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin 2 cikin 100 na ɗauko.

Ɗan Goulbi: Na gode, Allah ya saka da alheri. Kwalbarmu ma bakin taga take.