Auta ya ce ba zai sayi fom ɗin JAMB ba

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Jama'ar gida, ku zo ku ji. Auta ya ce ba zai sayi fom ɗin JAMB ba, Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, zai tafi koyon gyaran waya. Wai digiri yanzu kwali ne kawai.

Auta: Yaya, ƙarya na yi? Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. Ɗan bautar ƙasa 77,000 ake ba shi, shekara na cika a sallame shi. Mai tebur a Farm Centre kafin wata ya raba ya haɗa wannan.

Anti Malama: Mai tebur ka ce. Kai yaron shago za ka fara, shara da sayo wa oga abinci, da yamma a ba ka na mota. Ranar da ya yaye ka, wa zai saya maka mita da injin hura zafi, ya biya kuɗin rumfa? Waɗanda suka yi kuɗi kake gani, ba ka ƙirga waɗanda suka watse ba.

Auta: To Anti, su waɗanda yajin aikin ASUU ya zaunar a gida daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 fa? Kuma tun 2012 ake koya wa masu digiri ɗinki da haɗa sabulu a sansanin NYSC. Gwamnatin da kanta ta san inda abincin yake.

Anti Malama: Likitan da ya yi wa Hajiya aikin ido, a rumfa ya koya?

Kawu na Gareji: Ku dakata. Da sifana na aurar da 'ya'yana, ba wanda zai raina sana'a a gabana. Amma Auta, motar yanzu sai an jona mata kwamfuta take faɗin ciwonta, kuma da Turanci take faɗa. Yarana biyu da suka yi poli, su nake kira su karanta mini. Sola ma haka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya zama mai haɗa sola. Na ga gidan da aka ja siririyar waya daga batir zuwa inbata, ba lissafi, robar ta narke ta yi baƙi ƙirin, saura kaɗan silin ya kama. Wanda ya haɗa hannunsa na da kyau, lissafin ne babu. Ga ciwon baya kuma. Yau in na kwanta ƙarƙashin mota, sai an kamo hannuna nake tashi, kuma ba mai biyana fansho.

Anti Malama: Fanshon namu ma sai an sha jira, Kawu.

Yaya Babba: Shi ya sa nake cewa poli. Difloma shekara biyu ce, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, ya yi ta a Farm Centre ɗin. Ko masu ƙira na Panteka a Kaduna, hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, ta shiga ba su takardar shaidar ƙwarewa, don babban kamfani ba ya ba da kwangila da baki.

Auta: Ai ko babbar difloma ta HND na yi, wurin ɗaukar aiki mai digiri za a sa gabana.

Kawu na Gareji: Au, ashe aikin ofis ɗin kake hange? Ranar Asabar ka zo gareji da bakwai na safe, ka saka kayan da ba ka so. Babba, kai kuma ka saya masa fom ɗin, rabin kuɗin na wuyana.

Auta: Bakwai kuma, Kawu?