Musayar Waƙa: Jirgin Soja Daga Tashar Jos

Jikan Ɗan Dogo, Gangare:
Salamu alaikum. Zan buɗe da kakana, wanda ya zuba wa jirgi kwal a yaƙin Hitila. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Bismillahi da shi na fara,
Mai rayawa, Mai kashewa.

Kakana ɗan wuta ne a dogo,
Shebur a hannu, gumi na zubowa.

Kwal ɗin Inugu yake ɗura mata,
Tukunya na huci tana tafasowa.

Jos, Kafanchan, a bi ta Kaduna,
Gadar Jebba a hankali ake hayewa.

Taragu maƙil da samarin soja,
A Ikko teku ke karɓewa.

A 1943 Runduna ta 81,
Ta nufi ƙasar Bama, ba ranar dawowa.

Ku yaba wa mazan da suka ja jirgin,
Ido jajur, ba sa runtsawa.

Hajiya, Unguwar Rogo:
Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka. Ka tsaya a kan jirgi, ni a bakin tasha zan tsaya.

Innata ta ƙulle ƙuli da dakuwa,
Ta taga take ta miƙawa.

Wanta ya karɓa, aka busa usur,
Ta bi taragon tana tuntuɓewa.

Ya kai kogin Kaladan da ƙafarsa,
Da kaya a ka, daji yana ratsawa.

Harsashin Japan bai same shi ba,
Zazzaɓi ne ya yi kayarwa.

Takarda aka kawo da lambarsa,
Ba kushewar da za a je gaisarwa.

Har ta tsufa in jirgi ya yi kuka,
Sai ta ajiye tuwo, ta kasa haɗiyewa.

Malam, Bukuru:
Hajiya, kin sa ni hawaye. Akwai kuma waɗanda ko kaki ba a ba su ba.

Da Japan ta ci Malaya a 1942,
Kuzar Ingila ta zo yankewa.

Sai aka ce a yi diban gwamna,
Kowane hakimi da adadin kawowa.

Manoma aka raba da gonakinsu,
Wasu a tarago, wasu da takawa.

Mutumin ƙasar zafi da riga ɗaya,
Sanyin Filato yana ƙanƙamewa.

Ruwa har gwiwa a ramin kuza,
Kwanon hatsi ba ya ƙosarwa.

Tari da gudawa suka kwashe su,
Jirgi da kuza yana ta wucewa.

Sai 1944 aka daina diban,
Sunansu wa ke iya kawowa?

Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, Dilimi:
'Ya'yana, naku ji ne. Nawa gani ne, ina saurayi mai ba da tuta.

A 1966 na tsaya a tashar nan,
Maƙwabtanmu Ibo suna ficewa.

Har rufin tarago mutane ne,
Mai goyo ta taga ake turawa.

Maƙwabcina tela ya ba ni makulli,
Ya ce Gabas za shi, yana waiwayowa.

Yuli 1967 wutar yaƙin basasa ta kama,
Soja Makurɗi suke gangarawa.

Mu ɗaga kore su tafi da waƙa,
Su dawo a kwance, jini na ɗigowa.

Mu ke wanke taragon da bokiti,
Gobe a cika shi da masu tasowa.

Hajiya:
Baba, tela fa? Ya dawo?

Baba:
An ajiye makami a Janairun 1970,
Ɗansa ne ya zo yana sallamawa.

Na ce ina Baba, ina ƙannenka?
Ya ce yunwa ce ta yi ɗaukewa.

Na ba shi makulli, keken na ciki,
Da safe ya hau shi yana ɗinkawa.