Shin akwatin analog na kwaikwayo ya cancanci kuɗinsa a yau?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, manyana. Ina da fiyano Yamaha da ƙaramar mikisa, kuma na tara ɗan abin da ya sawwaƙa domin in ƙara akwatin sintisaiza marar madannai, irin wanda ake kira analog na kwaikwayo, wato wanda yake fitar da sautin tsofaffin na'urorin analog (masu samar da sauti da wutar lantarki kai tsaye) ta hanyar lissafi a cikinsa. Hankalina ya rabu tsakanin Waldorf Blofeld da Korg MS2000R, dukansu na hannu. Sai dai jiya wani abokin sana'a ya ce mini sayen irin wannan akwati a yau zubar da kuɗi ne, domin kwamfuta ce kawai aka sanya wa riga. Ina neman ku warware mini wannan magana.

Injiniyan situdiyo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokin naka bai faɗi ƙarya ba, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Lokacin da kamfanin Clavia na ƙasar Suwidin ya fitar da Nord Lead a 1995, kwamfutar gida ba ta da ƙarfin yin wannan lissafi nan take, shi ya sa aka keɓe wa aikin guntun lissafi na musamman, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, a cikin akwati. Access Virus na Jamus, wanda ya fito a 1997, shi ma a kan guntun Motorola yake gudana, kuma yanzu an samu masu fasaha da suka kwaikwayi guntun a manhaja, har ainihin tsarin Virus ɗin yana tashi a kwamfuta. To idan haka ne, me mutum yake saye ban da ƙarfe da maɓallai? In dai na'ura kake so ka taɓa da hannunka, ka nemi analog na gaske, tunda ya yi araha. Behringer Model D, wanda aka kwafo daga Minimoog na 1970, ya isa misali.

Makaɗin biki: Malam Injiniya, da girmanku, a nan ban bi ku ba, domin kun yi magana ne daga cikin ɗaki mai sanyi. Model D an gina shi ne a kan murya ɗaya, wato madanni ɗaya ne yake amsawa a lokaci guda, kuma ba ya ajiye sauti ko guda. Idan ka murɗa maɓallan ka samu abin da ya yi maka daɗi, da zarar ka sauya su ya tafi, sai dai ka ɗauki hotonsu a waya. Ga shi kuma analog yana buƙatar a kunna shi ya ɗumama kafin saitinsa ya zauna, zafi ma yana iya karkatar da shi. Game da kwamfuta kuwa, ni ganau ne. A wani biki cikin bazara, a ƙarƙashin rumfa, muna tsakiyar waƙar shigowar amarya kwamfutata ta ɗau zafi, sauti ya fara tsinkewa yana ƙara, ƙawayen amarya suka tsaya cak suna duban inda muke. Tun daga ranar akwati nake ɗauka, wanda zan kunna, in danna lambar sauti, ya amsa. Wannan natsuwar ita nake saye.

Malama mai koyar da kiɗa: Ni ina ganin a koma kan na'urori biyun da ya ambata, domin ba halinsu ɗaya ba. MS2000R ya fito a 2000, injinsa ne aka sa a microKORG bayan shekara biyu, kuma fuskarsa cike take da maɓallan murɗawa, ta yadda ɗalibi zai kama matacin sauti da hannunsa ya ji yadda kaifin sautin yake dusashewa. Don koyo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rauninsa shi ne murya huɗu kawai gare shi: ka danna madannai huɗu da sauti mai dogon jela, wato mai daɗewa kafin ya dushe, kana matsawa zuwa na gaba sai na farkon su yanke. Blofeld kuma, na 2007, yana kaiwa murya 25, yana iya ɗaukar sautuka 16 daban-daban a lokaci guda, kowanne a tasharsa ta MIDI (hanyar da fiyano yake aika wa akwati saƙon madannan da aka danna), amma maɓallansa kaɗan ne, yawancin aikin ta allo ake bi shafi bayan shafi. Ƙanena, ka tambayi kanka ko hannunka kake so ya koya, ko kuwa waƙa kake so ka cika.

Injiniyan situdiyo: Na karɓi maganar filin biki, domin ban musa cewa kwamfuta tana ba da kunya a zafi ba. Amma batun murya da ajiya ba hujja ba ce a yanzu, tunda Behringer DeepMind 12D analog ne mai murya 12 kuma yana ajiye sautuka. Sannan Malama, murya 25 ɗin nan iyaka ce ta sama. Da an ɗora sauti mai nauyi adadin yake raguwa, domin guntu ɗaya ne yake raba ƙarfinsa.

Makaɗin biki: Haka ne, sai dai DeepMind sauti ɗaya yake yi a lokaci guda. Mai akwati ɗaya tak, wanda yake son bes da shimfiɗa (sautin da yake cika bayan waƙa) da sautin gaba su tashi tare, analog mai araha ba zai biya masa wannan buƙata ba.

Mai gyaran kayan sauti: Ku ba ni dama in sa baki daga teburin gyara. MS2000R ya haura shekara 20, kuma duk na'urar da ta kai haka sai an bincika ta kafin a biya: a murɗa kowane maɓalli a ji ko yana kawo ƙara a cikin sauti, a duba allo, a ajiye sauti a kashe a sake kunnawa a ga ko yana nan. Blofeld an san shi da maɓallan da suke tsallake lamba idan sun tsufa, amma wannan gyara ne mai sauƙi, ana sauya su. Abin da ba shi da sauƙi shi ne ƙonewar guntun lissafi, domin ba a samunsa a kasuwa kamar sauran ƙananan kaya. Saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jikin adafta. Kayan Amurka na wutar 120 ne, na Japan 100, tamu kuwa 230, kuma na sha karɓar akwatin da aka jona kai tsaye ya yi hayaƙi tun ranar farko. Ka ware kuɗin sitabilaiza a cikin lissafinka, musamman in da janareto kake aiki. Ka kuma leƙa bayan fiyanonka, domin wasu ƙananan na zamani ba su da ramin MIDI mai ƙafa biyar, USB kawai gare su, kuma wannan ba ya shiga akwati kai tsaye sai da na'urar tsakiya.

Mai tambaya: Allah Ya saka muku da alheri. Na duba, fiyanona yana da ramin MIDI na fita. Tunda aikina ya fi yawa a wajen biki kuma akwati ɗaya zan iya saye, na fi karkata ga Blofeld, kuma zan gwada maɓallansa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai gyara ya ce.

Injiniyan situdiyo: Allah Ya sa albarka. Ni dai don aikin situdiyo ina nan a kan bakata. Abu ɗaya ka sani kafin ka biya: duk sautukan Blofeld 16 ta mafita guda biyu, hagu da dama, suke fitowa, don haka ba za ka iya ba bes layinsa daban a mikisa ba, sai ka daidaita ƙarfin kowanne tun daga cikin akwatin.