Ta yaya sel ke sanin irin jijiyar da zai zama? (tsutsar C. elegans)

Ummi_B:
Salamu alaikum. Don Allah masu bayoloji ku taimaka min. Ina karatu kan 'yar tsutsar nan C. elegans, wai sel ɗin jijiya 302 ne cif a jikinta, kuma kowace tsutsa ka ɗauko haka ne, wuri ɗaya aiki ɗaya. To abin da ya ɗaure min kai, tunda duk sel ɗin DNA ɗinsu iri ɗaya ne, me ke sa wannan ya zama mai jin taɓi wancan kuma mai ɗanɗano gishiri?

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. DNA ɗaya ne kam amma ba duka ƙwayoyin gadon ke kunne a kowane sel ba, akwai wasu ƙwayoyin gado da aikinsu kawai su kunna sauran. Ki ɗauki masu jin taɓin nan da kika ambata, guda 6 ne. Wani mai bincike, Martin Chalfie, gashin gira yake sa wa yana shafa tsutsar, lafiyayya sai ta gudu, wadda ba ta motsa ba sai ya ware ta ya binciki wace ƙwayar gado ce ta lalace. Ta haka aka gano rawar da ƙwayoyin gado unc-86 da mec-3 ke takawa wajen jin taɓi. Ita unc-86 ce ke fara aiki ta kunna mec-3, sai su biyun su haɗu su kunna su mec-4 da mec-7, wato ainihin kayan aikin jin taɓi. In mec-3 ta lalace sel ɗin yana nan fa bai mutu ba, kawai dai bai zama mai jin taɓi ba. Kuma abin da ya fi burge ni, mec-3 tana taimakawa wajen riƙe kanta a kunne, don haka ba wai sau ɗaya ake yanke hukunci a wuce ba, sai sel ya ci gaba da riƙe matsayinsa.

Dan_Lab:
Malam ya gama magana, ƙari kawai. 302 ɗin na mata-maza ce, namijin ya fi haka yawa. Sannan ba duk sel da aka haifa ke rayuwa ba, cikin 1090 guda 131 kashe kansu suke yi bisa tsari kuma yawancinsu daga dangin jijiya ne, in aka lalata ƙwayar gadon da ake kira ced-3 sai su ƙi mutuwa. Mai bincike John Sulston zama ya yi gaban madubin likita yana zana rabuwar sel ɗaya bayan ɗaya da hannu, wallahi haƙurin mutumin nan ya isa. Shi da abokan bincikensa Brenner da Horvitz suka samu kyautar Nobel a 2002.

Ummi_B:
Na gode sosai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na gishirin fa, su ma haka ne?

Malam_Sani:
Amin. Haka ne, su ana ce musu ASE, biyu ne hagu da dama, ƙwayar gado che-1 ce mai kunna su. Sai dai nasu da ɗan ƙari, a ido iri ɗaya suke amma na hagu yana amsawa in gishiri ya ƙaru, na dama kuma in ya ragu, kuma wani ɗan mitsitsin RNA (ɗan'uwan DNA) mai suna lsy-6 ne ke raba su, a na hagu kaɗai yake aiki. In babu shi na hagun sai ya koma kamar na dama. Ki nemi aikin Oliver Hobert na jami'ar Kolombiya a Amurka, ɗakin bincikensa ne ya gano lsy-6 ɗin.