Neman kalma: me za mu kira kiɗan bluegrass da Hausa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Aiki ne ya tsaya mini, na ce bari in kawo shi gaban masu harshe. An ba ni ɗan gajeren labari in mayar Hausa don shirin al'adu na rediyo, a kan wani bikin kiɗa da ake yi duk watan Yuni a ƙauyen Bean Blossom, jihar Indiyana ta Amurka. Tun 1967 ake yin sa, kuma Bill Monroe ne ya kafa shi, mutumin da ake kira uban wannan kiɗa. Sunan kiɗan bluegrass. In ka raba kalmar biyu, shuɗi ne da ciyawa. Na rubuta "bikin kiɗan shuɗiyar ciyawa", na karanta a fili, ni kaina sai da dariya ta kama ni. Mai sauraro zai zaci taron makiyaya ne, ko wani abin da ake kama mutum in an gan shi da shi a aljihu.

Ga yadda kiɗan yake, don wanda bai taɓa ji ba. Mutum biyar ne ko shida, babu ganga ko ɗaya, babu kayan kiɗa na lantarki. Akwai banjo, akwai jita, akwai gogen Turawa, akwai mandolin mai kama da ƙaramar jita, akwai wani ƙaton goge da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsa. A da makirufo ɗaya suke zagayewa, kowa ya matso ya nuna gwanintarsa ya ja da baya, na gaba ya karɓa. Kiɗan na da sauri ƙwarai, waƙar kuma da siririyar murya ake yin ta, can sama, mai sa kewa. To me zan kira shi? Jibi ake ɗaukar shirin.

Wani malamin Hausa daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye ciyawar nan tukuna, babu ruwanta da kiɗan. An haifi Monroe a 1911 kusa da garin Rosine a jihar Kentaki. Da ya haɗa ƙungiyarsa a ƙarshen shekarun 1930 sai ya sa mata suna Blue Grass Boys, don kirarin jiharsu ke nan, jihar ciyawar bluegrass. Ciyawar ma koriya ce shar, sai ta yi tsawo ta fid da kai ake ganin ɗan shuɗi-shuɗi a samanta in an hango daga nesa. Dawakan tsere ake kiwo a kanta a kewayen Lexington. Abin dariya, Rosine tana yammacin jihar, nesa da yankin ciyawar. Sai a shekarun 1950 mutane suka fara kiran salon kiɗan da sunan ƙungiyar, saboda wasu sun fara kwaikwayonsa.

Ka ga ashe sunan ƙungiya ne ya zama sunan kiɗa. Ka ƙaddara a ce duk mai kaɗa kuntigi an koma cewa yana "kiɗan Ɗan Maraya", sai wani mai fassara a ƙasar waje ya rubuta wa mutanensa cewa Hausawa suna da kiɗan marayu. Kowace kalma ya fassara ta daidai, amma ƙarya ya faɗa musu. Shuɗiyar ciyawa irin wannan ce.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na binne ciyawa. Saura abin da zai maye gurbinta.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Ni ban ga abin wahala ba. Ku ce kiɗan ƙauyen Amurka mana. Ai mutanen tsauni ne da gona, waƙoƙinsu duk a kan gida da iyaye da jirgin ƙasa da mutuwa. Kowa ya ji zai gane.

Malamin Zariya:
Ɗan'uwa, akwai ƙaya biyu a nan. Ta farko, akwai babban gidan da suke kira country, wanda shi aka fi cancanta a kira kiɗan karkara, bluegrass kuwa ɗaki ɗaya ne a cikinsa. In ka ba ɗaki sunan gida, ranar da labarin gidan ya zo me za ka ce? Ta biyu, ka san yadda kalmar ƙauye take a bakinmu. Ka ce wa mutum kiɗansa na ƙauye ne ka ga ko zai yi maka godiya.

Kuma tarihin ma bai goyi bayanka sosai ba. A rediyo aka haifi kiɗan nan. Monroe ya shiga shirin Grand Ole Opry na birnin Nashville a 1939, salon kuma bai nuna ba sai ƙarshen 1945 da wani saurayi Earl Scruggs ya shigo ƙungiyar da banjo, ga Lester Flatt a kan jita. Da kwat da laktaye da malafa suke hawa dandamali. Shi kansa Monroe ya yi aikin matatar mai kusa da Chicago kafin kiɗa ya riƙe shi. Da yawa daga masu saurarensa na farko 'yan ci-rani ne da suka baro tsaunukan Appalachia suka tafi masana'antun Detroit da Baltimore. Kewar ƙauye ce ake rerawa daga birni. Mu da muka san tashar mota ta Legas da dare, da mai rediyo a kunne yana jin waƙar gida, mun san wannan yanayin.

Ɗan Maraɗi:
To na janye ƙauye. Amma ka yarda waƙoƙin na kewar gida ne, a nan dai ban faɗi ba.

Wata Hajiya daga Haɗeja:
Ku dakata, 'yan'uwa. Ku dubi yadda Bahaushe ke raɗa wa kiɗa suna tun asali. Ko dai da abin kiɗan, kamar kiɗan kalangu, kiɗan goge, kiɗan taushi, kiɗan ƙwarya. Ko da sana'a, kamar kiɗan noma, kiɗan fawa, kiɗan maharba. Ko da wasan da ake yi, kamar kiɗan dambe. Babu inda muka sa wa kiɗa sunan tsiro. Ɗana ya kunna mini wannan abin naku a waya, da na ji banjon nan sai Haruna Uji ya faɗo mini a rai. Ƙoƙo ne, an ɗaura fata, an sa sanda da tsirkiya. Wannan ai gurmi ne ya je Turai ya dawo da takalmi. Ku ce kiɗan gurmin Amurka, a wuce wurin.

Mai tambaya:
Ranki ya daɗe, wannan ta shige ni. Kuma kunnenki bai yaudare ki ba. Banjo daga hannun bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ya fito. A tsibiran Karibiyan aka fara ganinsa tun ƙarni na 17, da ƙoƙon duma da fatar dabba, kafin ya shiga Amurka, kafin masana'antu su mayar da ƙoƙon ya zama zoben katako da ƙarfe. Masu bincike sun fi nuna yatsa ga akonting na mutanen Jola a Sanagal da Gambiya, don shi ma yana da gajeruwar tsirkiya ta babban yatsa kamar banjo. Gurminmu da molo da garaya dangi ne a wannan babban gida. Ko Monroe ya sha faɗin cewa ya koyi abubuwa da yawa a wurin wani baƙar fata mai jita da goge, Arnold Shultz, wanda ya riƙa bi wuraren rawa yana yaro. Béla Fleck, ɗaya daga manyan masu banjo na yanzu, har tattaki ya yi a 2005 zuwa Gambiya da Mali da Yuganda da Tanzaniya yana neman dangin abin kiɗansa.

Inda nake jin tsoro shi ne, in na ce gurmin Amurka a rediyo, gobe wani zai ce an tabbatar Hausawa ne suka ƙirƙiro banjo, jibi a yi ta yaɗawa a Facebook. Sannan banjo ɗaya ne cikin biyar. Mai kiɗan kansa, Monroe, mandolin yake kaɗawa, mai tsirkiya takwas biyu-biyu. Kuma mutum ne mai zafin kishi. Da Flatt da Scruggs suka bar shi a 1948 suka kafa tasu ƙungiyar, shekara da shekaru bai yi musu magana ba. In ya ji an raɗa wa kiɗansa sunan abin kiɗan Scruggs, ina jin ko a kabari sai ya motsa.

Hajiya:
To ɗana, ka riƙe gurmin don bayanin banjo kawai. Kada dai ka jefar da shi.

Wani makaɗin goge daga Katsina:
Ni ba ɗan boko ba ne, amma sana'ata ce ake magana. Abin da ya haɗa kayan nan biyar shi ne tsirkiya. Babu fatar da ake duka, babu abin busa. A wurinmu in babu kalangu ko ƙwarya a bayan goge, kiɗa bai tsaya ba. Su kuwa na saurara da kyau, ƙaton gogen ne ke yin aikin ganga, mai mandolin kuma yana sare tsirkiya tsakanin bugu da bugu, kamar mai tafi. Wannan dabara ce babba. Ku ce kiɗan tsirkiya.

Malamin Zariya:
Sarkin goge, Allah ya ƙara basira. Wannan ita ce mafi kyawun Hausa da aka kawo tun safe. Matsalarta faɗi kawai. Kiɗanka ma na tsirkiya ne, na masu garaya na tsirkiya ne, na masu kukuma haka. Kalmar ta bayyana jinsi, ba ta ware wannan ɗin ba. Ta yi kyau a matsayin bayani, ba ta isa suna ba.

Ni ga inda na tsaya. Suna ne, a aro shi, a sa masa rigar Hausa. Ba mu fassara rege ba, ba mu fassara jaz ba, babu wanda ya mutu. Harshenmu ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon gaɓa, sai ya cusa wasali a tsakani. Haka muka sami burodi da direba da firamare da gilashi. Rabin farko ma muna da shi tuni, kowa na cewa bulu. Rabi na biyu kuma ku tuna giris na makanikai. Sai ya ba mu bulugiras.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan da za a bar mu da bulgaras za mu ce, ya fi sauƙi a baki.

Malamin Zariya:
Zai iya komawa haka in ya daɗe a bakin mutane, baki ne ke yanke hukunci daga ƙarshe. Amma a rubuce a fara da bulugiras, don wanda ya ji ya so ya nemi kiɗan a intanet ya iya lalubo asalin kalmar.

Mai tambaya:
Na karɓa. Kiɗan bulugiras, da bayanin Sarkin goge a ambato na farko. Tun da kuna nan, ga wasu biyu da suka maƙale a jimla ɗaya. Na farko, taron kansa. Wani abokin aiki ya ce in kira shi kalankuwa, wai biki aure yake kawowa a rai.

Don ku auna, ga yadda ake yin sa. Ba a zaure ake yi ba. Fili ne mai itatuwa, Monroe ya saye shi tun 1951. Mutane na zuwa da iyalansu, su kafa tantuna ko su kwana a motocinsu kwanaki a jere. Da rana ƙungiyoyi na hawa dandamali bi da bi. Amma masu zuwa kowace shekara za su ce maka ainihin abin da dare yake, in an tashi daga dandamali. 'Yan kallo da yawa su ma makaɗa ne, kowa ya zo da abin kiɗansa. Sai ka ga da'ira-da'ira a tsakanin tantuna, tsoho ɗan shekara saba'in da yarinya 'yar sha biyu suna karɓa-karɓa har asuba, wani lokaci wanda aka biya kuɗi don a gani da rana ya zo ya tsuguna a cikinsu. Safiyar Lahadi kuma waƙoƙin coci ake yi. Wannan tsari na kwanaki da yawa Carlton Haney ne ya fara shi a Fincastle ta jihar Bajiniya a 1965. Yanzu ya bazu, har da na Telluride a tsaunukan Kolorado, shi ma a watan Yuni, wanda aka fara a 1974, inda ake yi wa mai mandolin Sam Bush kirari da sarkin wurin don kusan bai taɓa fashi ba. A can sun sassauta, ana gayyatar masu ganga da lantarki, masu ra'ayin mazan jiya na ta gunaguni.

Hajiya:
Kalankuwa ta kaka ce, bayan an kai amfanin gona gida, samari da 'yan mata su fito. Tana da lokacinta da ma'anarta, kada ku ja ta zuwa inda ba ta sani ba. Biki ya isa. Ba ga bikin kamun kifi na Argungu ba, wa ya taɓa zaton aure ake ɗaura wa kifi?

Mai tambaya:
Hajiya kin gama magana. Na biyu shi ne lokacin. Labarin ya ce bikin na summer ne, na ga wasu na rubuta bazara.

Makaɗin goge:
A watan Yuni mu nan an yi shuka, ana noman farko. Ka ce bazara, manomi zai ɗauka watan Afrilu kake nufi, lokacin da ko kare ba ya fita rana. Ka ce damina kuma ka yi ƙarya a kan ƙasar mutane.

Malamin Zariya:
Gaskiyarsa. Lokutansu huɗu ba su hau kan namu ba, duk yadda ka ja. Faɗi watan, ka ƙara da cewa lokacin zafi ne a can, dare gajere, makarantu na hutu. Dalilin yin bikin a lokacin ke nan ma, don a fili ake kwana.

Mai tambaya:
To ga jimlar da zan shiga da ita, a duba mini: "A watan Yuni, lokacin zafi a Amurka, ake gudanar da bikin kiɗan bulugiras na shekara-shekara a Bean Blossom da ke jihar Indiyana. Bulugiras kiɗan tsirkiya ne zalla, babu ganga, kuma cikin kayansa akwai banjo, wani ɗan'uwan gurmi da asalinsa daga Afirka ta Yamma yake."

Makaɗin goge:
Ta yi. Sai dai in ka zo kan mai gogen, kada ka ce yana kaɗawa. Goge gogawa ake yi. Kuma ka gaya musu nasu tsirkiya huɗu gare shi, a kafaɗa ake ɗora shi a danne da haɓa, namu ɗaya ce tal ta gashin doki.

Mai tambaya:
An gyara, Sarkin goge. Mandolin fa? Na bar shi yadda yake, ko akwai mai magana?

Hajiya:
Bar shi haka. Ka turo mana lokacin da za a sa shirin.