Gandiroban Tihar da kalmar da muke nema

1/ Ina fassara wani rubutu kan ma'aikatan gidajen yari na Indiya, sai "job satisfaction" ta tare mini hanya. Na rubuta "gamsuwa da aiki", na sake karantawa, sai na ji abin bai zauna ba.

2/ Dalili kuwa, a bakinmu wanda aka yi wa aiki ne ke gamsuwa. "Na gamsu da aikinka" maganar oga ce, ko ta mai kaya bayan tela ya miƙo ɗinki. Alhali Turawan suna nufin abin da ke zuciyar ma'aikacin ne.

3/ Ku ɗauki gandiroba a gidan yarin Tihar da ke Delhi. Gidajen yarin birnin an tanade su don mutum kusan 10,000, amma suna ɗauke da kusan ninki biyu. A faɗin ƙasar ma, alƙaluman 2022 sun nuna fursuna 131 a gurbin mutum 100, uku cikin huɗu kuma jiran shari'a suke yi. Ga guraben ma'aikata sama da ɗaya cikin huɗu babu kowa. Wato mutum ya gama ƙirgen yamma, ya rufe ƙofofi, ana nan ana jiran mai karɓarsa, shiru. Wannan mutumin, ko ogansa ya gamsu da shi, shi aikin ya yi masa daɗi? Ana jin ta bakinsa kafin a sauya masa wurin gadi? Ƙarin girma bisa cancanta ake yi ko sai da uwa a gindin murhu? An horar da shi, ko makulli kawai aka danƙa masa? Abin da kalmar ke aunawa ke nan, ba albashi kaɗai ba.

4/ Wani abokina ya kawo "jin daɗin ma'aikata". A'a, wannan tuni ta zama ta walwala: gidan zama, alawus, kuɗin magani.

5/ Ni dai na tsaya kan "jin daɗin aiki". A cikin jimla kuwa muna da wadda ta fi ta armashi. Yadda ake cewa gari ya karɓi baƙo, ko aure ya karɓi amarya, haka na rubuta: gandiroban da ke gadin mutum ninkin ƙa'ida, da wuya aikin ya karɓe shi.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku yaya kuke faɗa?