Hamstirin da Hausa: agara ce, jijiya ce, ko tsoka? (Hirar farkon Afrilun 2025)

Ɗan Gunners: Jama'a, Gabriel, mai tsaron bayanmu na Arsenal, shi ma ya tafi. Tun wasan Fulham na ranar 1 ga Afrilu bai yi nisa ba ya dafe bayan cinya ya zauna, yanzu kuma kulob ya tabbatar sai an yi masa tiyata, shi da ƙwallo sai kaka mai zuwa. A wasan da Saka ya dawo ke nan fa, bayan sama da wata 3 yana jinyar irin wannan ciwon da ya samo a gidan Crystal Palace ranar 21 ga Disambar 2024. Havertz ya gamu da nasa a atisayen Dubai cikin Fabrairu, Martinelli ma ya ɗanɗana. Duk labarin da ka buɗe sai ka ga hamstring. A gidan kallo wani ya ce hamstirin, wani ya ce jijiya, wani ya ce cinya ce kawai. Masana ku ba mu suna ɗaya na Hausa mu riƙe.

Mai Chelsea: Suna ai yana nan: ciwon Arsenal. Ku cire igwar nan daga bajinku ku sa sandar dogarawa. Ƙungiyar da ɗan tsakiya Merino ne ɗan gabanta!

Ɗan Gunners: Merinon da ya sa muku kai a raga ranar 16 ga Maris? In sunan ciwon kake nema ka tambayi kyaftin ɗinku Reece James, shi ma an yi masa tiyatarsa a Disambar 2023.

Ɗan Madrid: Ku bar faɗa, ranar Talata za mu zo mu yi muku jaje a filinku na Emirates. Maganar kalma kuma, ni agara na sani. An ce agararsa ta tsinke, kowa ya gane, magana ta ƙare.

Sarkin Fawa: A'a ɗana, agara daban take. Agara ita ce farar igiyar nan mai tauri da ta taso daga sha-raɓa ta sauka dunduniya. In ka ga an rataye cinyar sa a mahauta, tsakanin agara da ƙashi ake zura ƙugiyar, don ita ce ke iya ɗaukar nauyin ba ta tsinke ba. Abin da yaran nan suke dafewa kuwa sama yake, jan nama ne, tsoka zalla, tsakanin mazaunai da bayan gwiwa. Wuƙa na shiga wannan da sauƙi, agara kuwa sai ka danna.

Malamin Hausa: Sarki ya yi gaskiya, amma Ɗan Madrid ba daga sama ya ɗauko ba. A tsohon Turanci, in ana maganar doki ko sa, kalmar tana nufin igiyar da ke bayan ƙafar dabba, wadda in an yanke ta dabbar ba za ta iya tafiya ba. Wannan kam agara ce. Sai dai a bakin likitocin ƙwallo ma'anar ta koma kan tsokar mutum, can sama. Mu bar wa agara wurinta, domin ita ma tana da nata raunin: ita ce ta tsinke wa Beckham a Milan a Maris ɗin 2010 ya rasa gasar cin kofin duniya, ita ce kuma ta kayar da Spinazzola na Italiya a wasan Beljiyom a 2021. In muka haɗa su suna ɗaya, ranar da aka samu mai agara ta gaske me za mu ce?

Mai Gashin Ƙashi: Bari in shimfiɗa yadda wurin yake, sai ku zaɓi suna a kai. Tsoka 3 ce, ba ɗaya ba. Sun taso daga ƙashin da mutum ke zama a kansa, wanda kake ji in ka daɗe a benci mara katifa. Sun gangaro ta bayan cinya, 2 sun bi ta ciki, 1 ta bi ta waje, duka sun kama a ƙasan gwiwa. In ka zauna ka lanƙwasa ƙafa ka shafa bayan gwiwarka za ka ji igiyoyinsu a gefe da gefe. Aikinsu biyu ne: lanƙwasa gwiwa, da tura cinya baya.

Abin da ke jawo musu matsala shi ne sun ratsa gaɓa biyu, ƙugu da gwiwa. In ɗan wasa ya kwasa da gudun ƙarshe, ƙafa ta wurga gaba, daf da ta taka ƙasa, tsokar nan ce ke taka mata birki. A wannan ƙiftawar ana miƙe ta iyakar tsawonta alhali tana ja da iyakar ƙarfinta. Nan take yagewa, kuma mafi yawanci ta wajen ce. Shi ya sa za ka ga babu wanda ya taɓa shi, yana cikin gudu sai ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya kai hannu baya. Hanya ta biyu ita ce miƙa ƙafa fiye da kima, wajen tare ƙwallo ko zamiya. Wannan ya fi kamawa can sama kusa da ƙashin zama, kuma ya fi daɗewa bai warke ba ko da zafinsa bai kai na farkon ba.

Don haka ina roƙo a cire jijiya daga lissafi.

Ɗan Madrid: Likita, me ya sa? Ai kowa jijiya yake cewa.

Mai Gashin Ƙashi: Saboda jijiya ta yi wa Hausa aiki da yawa. Hanyar jini jijiya, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi ita ma jijiya. Ka ce wa mahaifin yaro jijiyar ɗansa ta tsinke, zai ɗauka shanyewar ƙafa ce. Kuma a yawancin raunukan nan naman ne ya yage, daidai inda yake haɗuwa da igiyarsa.

Malamin Hausa: To ga tawa shawarar: tsokar bayan cinya. Ba sabuwar ƙirƙira ba ce, duk kalmomin namu ne, wanda bai taɓa shiga gidan kallo ba ma zai nuna maka wurin da hannunsa. Tana kuma ba mu 'yan uwanta kyauta: tsokar gaban cinya, tsokar matsematsi, tsokar sha-raɓa.

Mai Chelsea: Malam, ta yi tsawo. Kafin mai sharhi ya gama faɗin tsokar bayan cinya an ɗauke Gabriel an sako Kiwior har ya yi gumi.

Malamin Hausa: A baki a taƙaita, a ce ciwon bayan cinya, ko bayan cinya ne ya kama shi. A rubutu a cika ta. Sai dai a kula da jinsi: tsokar bayan cinyarsa ta yage, ba ya yage ba, domin tsoka ake magana.

Ɗan Damagaram: Mu nan da muke kallo da sharhin Faransanci isikiyo ake cewa, daga sunan ƙashin zaman nan da Likita ya faɗa. Tsokar bayan cinya ta fi mana, domin ɗan Zinder da ɗan Kano duk za su gane ba sai da tafinta ba. Amma Faransawa suna da kalma daban-daban gwargwadon girman raunin. Mu fa?

Mai Gashin Ƙashi: Wannan ce tambayar da ta fi sunan muhimmanci, kuma Hausa na da fi'ilan. Ga yadda zan raba su.

Ta riƙe: wannan ba rauni ba ne, shi ne abin da yara ke kira mosul. Tsokar ta dunƙule ta yi tauri saboda gajiya, yawanci ƙarshen wasa. A kwantar da shi, a miƙe ƙafar a hankali, cikin mintuna ta sake.

Ta jawu: zare kaɗan ne suka yage. Yana iya tafiya, gudu ne ba ya yiwuwa. Daga kwana 10 zuwa mako 3.

Ta yage: wani sashe ya rabu. Zafi ne kamar an soke shi, yana ɗingishi, bayan kwana 2 ko 3 jini ya kwanta, fatar ta yi duhu har zuwa bayan gwiwa. Mako 4 zuwa 8.

Ta tsinke: ta rabu gaba ɗaya, ko igiyarta ta ɓalle daga ƙashi. Wani lokaci ana jin rami a wurin da yatsa, zama a kujera ma azaba ne. Nan ne ake maganar tiyata da wata 3 zuwa sama. Hoton MRI ne ke tabbatar da matakin, shi ya sa kulob ba ya faɗin kwanaki sai bayan an yi shi.

Amfanin rarrabewar a filin unguwa yake. Wanda tasa ta riƙe, miƙewa ce maganinsa. Wanda tasa ta yage, in aka ɗaga ƙafarsa sama aka danna kamar yadda ake yi wa mai mosul, ƙara buɗe yagewar ake yi. Alamar da za a duba: riƙewa tana zuwa da dunƙulewar da ake gani, tana kuma sakewa. Yagewa zuwa take farat ɗaya cikin gudu, zai nuna maka wuri guda da yatsa.

Kocin Unguwa: Allah ya saka, Likita. In ƙara da abin da ake yi a kwana 3 na farko, domin nan ake ɓata yara. Ba a gashi da ruwan zafi, ba a murza man zafi, ba a kai shi wurin mai ja. Jini ne ke tsiyaya a cikin naman, zafi da murza ƙara shi suke yi. Ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 ko 3, kada a ɗora ta kai tsaye a fata. A naɗe da bandeji mai talewa daga saman gwiwa zuwa sama, ba matsewar da za ta sa ƙafa ta yi sanyi ba. In bai iya taka ƙafar ko akwai rami, asibiti.

Komawa fili kuma ba ranar da zafi ya tafi ba ce. Zafi na tafiya tun kafin ƙarfi ya dawo, shi ya sa ciwon nan ya yi suna wajen maimaituwa a makonnin farko. Sai ya yi gudun ƙarshe sau da yawa a atisaye ba ya jin komai, kuma in ya kwanta rub da ciki ka riƙe dunduniyarsa ya ja, ƙarfin ƙafafun biyu ya zo ɗaya.

Ɗan Gunners: Koci, rigakafi fa? Ko a aika wa kocinmu Arteta.

Kocin Unguwa: Akwai atisayen da ake kira Nodik, su ma can sun san shi. Ɗan wasa ya durƙusa a kan tabarma, abokinsa ya danne masa idon sawu biyu. Jiki a miƙe sambal daga gwiwa zuwa kai, ya riƙa faɗowa gaba sannu a hankali yana riƙe kansa da bayan cinya, in ya kasa ya tare da tafin hannu ya turo kansa sama. Makon farko sau 5, zagaye 2, rana ɗaya tak, domin ciwon jikin da ke biyo baya ba wasa ba ne. A ƙara a hankali har zagaye 3 na 12, 10 da 8, sau 3 a mako, bayan mako 10 a koma sau ɗaya a mako. Kuskuren da aka fi yi shi ne turo mazaunai baya a karya ƙugu, nauyin ya bar inda ake so. An gwada shi a kan 'yan wasa 942 a Denmark, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna raunin ya ragu da fiye da rabi.

Mai Gashin Ƙashi: Kuma ba Arsenal kaɗai ba ce. Binciken da hukumar ƙwallon Turai UEFA ke yi a kan manyan ƙungiyoyin Turai ya nuna a kakar 2001/02 wannan ciwon kashi 12 cikin 100 ne na dukkan raunuka, zuwa 2021/22 ya kai 24. Gudun ya ƙaru, wasannin sun cunkushe, wanda ake sa wa minti 90 duk bayan kwana 3 tsokarsa ba ta samun hutun da za ta gyara kanta. In mutum ɗaya ya faɗi a ƙaramar tawaga, sauran ne ke ɗaukar mintunansa, sai su bi shi.

Ɗan Madrid: Na janye agara. To namu ciwon fa? Courtois da Militao a Agustan 2023, Alaba a Disamba, Carvajal a Oktoban 2024, Militao ya sake a Nuwamba a ɗaya gwiwar. Duk ACL. Tsokar gwiwa za mu ce?

Mai Gashin Ƙashi: A'a, wannan ba tsoka ba ce. Igiyoyi 2 ne a tsakiyar gwiwa da suka gitta juna, sun ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban ce ke hana ƙwauri zamewa gaba, ita ke tsinkewa in ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya. Ba ta haɗewa da kanta yadda tsoka ke yi, sai a yanko igiya daga wani wuri a dasa, kuma sau da yawa daga tsokar bayan cinyar nan ake yanko ta. Jinya kusan wata 9.

Malamin Hausa: Igiyar gicciye ta gaba ke nan, ko igiyar tsakiyar gwiwa ga mai son sauƙi. Ban yanke ba tukuna, ina so in ji abin da maɗora ke kiranta.

Ɗan Gunners: Ita ma muna da buƙata, Gabriel Jesus na kwance da ita tun Janairu. Amma ta yau ta zauna, ga yadda zan rubuta: tsokar bayan cinyar Gabriel ta yage, za a yi masa tiyata, ba zai buga wasan Madrid ba. Ɗan Madrid, Kiwior da Saliba sun ishi Mbappe.